Ruwan Sanyi a Zangon Sawakin

Na so in tsallake wannan shekara in wuce zuwa zancen aurena da ubanku, amma abin da Mansur ya yi a wajen ɗaurin auren nan na unguwar Ka'akiyya ya hana ni. Ni ina sama wajen mata, labari ya hawo mini tun kafin a gama raba shinkafa. Wai jikan Malam Mudi ne ya miƙe cikin mutane yana ba da tarihi, yana cewa kakansu ne ya tsallako da Hausawan Makka daga Sawakin, har da gidanmu, kuma da ba don shi ba da yanzu muna can muna rabon kifi da kyanwoyi. Aka yi dariya. Shi kuma ɗana Mansur, wanda na haifa da cikina, ya tashi ya rungume shi, ya sumbaci kansa, ya ce mun gode. Mansur, ban yi maka magana a ranar ba saboda kana da furfura kuma 'ya'yanka suna wurin. Yanzu zan yi. Rim, ke ce kika iya karatun boko a cikin jikokina, ki karanta musu. Inda Hausarsu ta gaza ki juya musu da Larabci, kuma kada ki rage komai don ki sassauta wa wani.

Ku ba ku san Sawakin ba, sai sunanta da kuke ji in tsofaffi suna hira. Tsibiri ne ɗan ƙarami a gaɓar Sudan, kewayayye kamar faifai, yana zaune a tsakiyar ruwa, siririyar hanya guda ta haɗa shi da tudu. Gidajen cikinsa da dutsen teku aka gina su, hawa biyu, hawa uku, farare tas, da tagogin nan na katako masu sassaƙa da suke turo ciki waje, waɗanda ake kira roshan, irin na tsohuwar Jidda. Da hantsi in rana ta bugi garin daga wajen ruwa sai ka rantse amarya ce aka zaunar a kan tabarma shuɗiya. Amma ko a ƙuruciyata amaryar ta fara tsufa. Tun kafin a haife ni aka gina sabuwar tasha a Bur Sudan, manyan jirage suka koma can, attajirai suka bi jirage, suka bar gidajen kakanninsu a kulle. Shi kuwa dutsen teku gishiri ne a cikinsa. In ba a shafe shi da farar ƙasa duk shekara ba sai ya fara marmashewa, yau kusurwa ta zube, gobe matakala, jibi ka ga roshan yana reto a sama ba ɗaki a bayansa. Aikin Baba ke nan. Malam Ilu magini, shi ne yake shafe wa 'yan attajiran da suka rage gidajensu, yana toshe tsaga, yana tallafe bango. Da safe ya ratsa siririyar hanyar nan da cokalin gininsa, da yamma ya dawo fari fat har gashin ido.

Inda yake dawowa kuwa bukka ce. Mu Hausawa ba a cikin tsibirin muke ba, muna tudu, a wani kwari mai ƙasar gishiri da muke kira zango. Ɗakunanmu na tabarma ne da buhu da garwar kananzir da aka buɗe aka daddaƙe. Ba talauci kaɗai ya sa haka ba, don akwai masu hali a cikinmu. Wata magana ce da muka tashi muka tarar: mu matafiya ne, mun fito da niyyar Makka, kuma duk wanda ya kwana a ɗakin dutse a wannan gefen teku ya ajiye niyyarsa. Sai ka ga mutum an haife shi a zangon, ya yi aure a zangon, ya aurar da 'ya'ya a zangon, in ka tambaye shi ya ce yana kan hanya. Ina ƙarama abin yana burge ni. Ina ganin mu wasu mutane ne na dabam, masu ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a jirgi. Bayan na girma na zauna a garin nan na tambayi malamai a Harami, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Babu wanda ya taɓa jin wannan hukunci. Wani ma dariya ya yi, ya ɗauka wasa nake.

Mu huɗu ne a bukkarmu: Baba, da Inna, da ni, da Iya mahaifiyar Baba. Iya da ƙafarta ta taso daga ƙasar Haɗeja tana amarya. A hanya ta haifi Baba, a hanya ta binne mijinta, ta yi noman auduga a gonakin mutane, ta yi daka, ta yi wankau, har ta iso bakin ruwa gashinta ya yi fari. Tana da wani ƙunshi da ba ta yarda a taɓa, likkafaninta ne a ciki, tana jiran ranar da za ta wanke shi da zamzam. Ba ta kiran sunan Baba saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce Magini. Ni kuma uwar ɗakina take ce mini, ta tsokane ni in tsokane ta. Inna kuwa sunanta Habiba, doguwa, mai wushirya, mai sanyin murya. Tari ya kama ta tun bayan wani ɓari da ta yi, kuma duk lokacin sanyi sai ya tashi. Ku sani ruwan sama a Sawakin ba da zafi yake zuwa ba, da sanyi yake zuwa, kuma in ya sauka a zango ba shi da wajen tafiya. Sai ya kwanta a kan gishirin nan ya yi ta tsatsowa ta ƙarƙashin tabarma. A sanyin da ya gabaci shekarar da nake ba ku labari, Inna ta fara ganin jini a tsumman da take tari a ciki.

Da zafi ya shigo, wani tsohon attajiri da Baba ya daɗe yana yi wa aiki ya yanke shawarar bin 'ya'yansa Bur Sudan. Ya kira Baba ya ba shi mabuɗi, ya ce ya shiga da iyalinsa ya zauna, abin da yake so kawai kada gidan ubansa ya faɗi. Baba ya dawo da la'asar, ko wanka bai yi ba ya durƙusa gaban Iya ya gaya mata.

"Magini, gidan wa ka ce?"

"Aro ne, Iya. Gadi zan yi musu, in riƙa shafe shi. Ɗakin sama a bushe yake, ko ruwa ya kwana yana zuba ba ya taɓa mutum."

"Ubanka a gindin wata ƙaya na binne shi a ƙasar Wadai, fuskarsa tana duban gabas. Bai ari ɗakin kowa ba."

Baba ya juya ya dubi Inna da take kwance tana jan numfashi kamar ana jan guga. Iya ma ta dube ta. Ta daɗe tana dubanta, sannan ta ce to, a kwashe kaya, amma ita a tsakar gida za a kafa mata tabarmarta, ba za ta sa kanta ƙarƙashin rufin dutse ba. Haka aka yi. Muka ratsa siririyar hanyar nan da tukwanenmu a ka, mutanen zango suna tsaye suna kallo, babu wanda ya ce a sauka lafiya.

Kuna yi mini dariya a kan littattafan soyayyar nan da alhazan Kano suke kawo mini, waɗanda maƙwabciyata ta koya mini karatun boko da su ina da goyon 'yata Hindatu. To yau ku ji dalili. Duk gidan da aka siffanta a cikinsu, wancan gidan nake gani. Duk namijin da aka ce ya tsaya wa matarsa, fuskar Baba nake sa masa. Gidan yana bakin ruwa ta gabas. In ka hau sama ka zauna cikin roshan, iska tana shigowa ta ƙananan hudojin katakon tana zana maka furanni na haske a jiki, ƙarƙashinka kuma ruwa ne garai-garai, har kifaye kana gani suna wucewa. Nan Baba ya yi wa Inna shimfiɗa. Kafin wata ya zagayo tarin ya lafa, kumatunta suka dawo, ta nemi lalle ta ƙunsa, ta sa ni na tsefe mata kai. A wannan gidan na fara jin Baba yana kiranta Biba, a hankali, in yana zaton ba na kusa. In ya taso daga aiki ba ya shigowa sai ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai, ita kuma ta tura ɗan murfin tagar ta leƙo, ta ce wane ne wannan farin aljanin, mijinta baƙi ne, ya tafi ya nemi gidansu. Yakan kawo mata 'yan bawon kifin teku masu sheƙi da yake tsinta cikin dutsen gini, ta jera su a bakin taga. Ina 'yar budurwa a lokacin, ban san komai ba, amma na san abin da nake gani shi ne abin da nake so in Allah ya ba ni miji. Ko Iya daga tabarmarta ta tsakar gida takan ɗaga murya ta ce, uwar ɗakina, je ki gaya wa Larabawan sama tuwo ya huce.

Sai zancen jirgi ya taso. A lokacin, irinmu da ba su da takardu ba sa hawa babban jirgi, sai sambuk, jirgin katako mai filafilai na masunta. Masu sambuk kuwa ba sa magana da kowa sai shugaban zango, wanda duk ya tsaya masa shi ne zai hau. Shugaban zango shi ne Malam Mudi. Gajere ne mai tumbi, da carbi mai manyan 'ya'ya, da murya mai daɗi wajen jan salla. Ya fi kowa zancen niyya, kuma ya fi kowa daɗewa a Sawakin bai haye ba, don da hayewar wasu yake ci. Baba ya daɗe yana tanadi, kuma an riga an yi masa alkawari cewa jirgin bayan sanyi da mu zai tashi. Da ya aika a tuna wa Malam Mudi, sai ga shi ya zo da kansa, da rana tsaka. Ina cikin roshan ni da Inna, muna ganinsu ta hudojin katako. Ya tsaya a tsakiyar titi, rana tana dukan rawaninsa.

"Malam Ilu, ashe an zama Larabawa. Ko sallamar ma da Larabci za a yi?"

"Shigo inuwa, Malam."

"A'a, ni matafiyi ne. Nan ma ya ishe ni."

Ya yi dogon bayani. Ya ce shi ba ya da komai da Baba, amma jama'a suna magana. Wuri a jirgi kaɗan ne, masu jira da yawa, kuma ba zai iya duban idon wanda yake kwana a kan gishiri ya ce masa ya dakata don mai kwana a soro ya wuce ba. Baba ya ce rashin lafiya ce ta kawo su, kowa ya sani. Malam Mudi ya ce lafiya ta Allah ce, a bukka ma ana warkewa, a soro ma ana mutuwa. Baba ya tambaye shi a wane littafi aka ce ɗakin dutse yana karya niyya.

"Ni ba karatu na zo yi maka ba. Masu jirgi ni suka sani, ni kuma mutanen zango na sani. Kai yanzu ban san ko na ina ne ba. In kana so in san ka, ka dawo cikinmu kafin ruwa ya sauka, ka yi sanyin nan tare da mu, kowa ya gani da idonsa. In ruwa ya ɗauke, ku ne farkon hawa."

Iya tana tsakar gida, duk ta ji. Ba ta yi wa kowa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Sai ta daina tsokana. Ta jawo ƙunshinta ta ɗora a cinya, ta juya gabas, in an kai mata abinci ta taɓa kaɗan ta ture. Ƙafafunta sun riga sun fara kumbura, kowa yana cewa in ba ta haye a wannan jirgin ba, ba za ta ga wani ba. Na ce mata tsohuwa, ci mana, ko so kike iska ta ɗauke ki. Ta ce ai da iskar za ta yi gabas da ita da ta gode mata. Baba ya rame a tsaye. Ya je wajen masu sambuk da kansa suka kore shi, ya je wajen dattawan zango ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce maganar Malam ce. Mutanen da ya gyara wa bukka, waɗanda Inna ta yi wa matansu wankan jego, babu wanda ya buɗe baki.

Inna ce ta yanke maganar. Wata la'asar gajimare ya fara haɗuwa a kan duwatsun yamma, Baba ya hawo sama ya zauna a bakin shimfiɗarta, ina gefe ina tsince shinkafa.

"Malam, ka mayar wa mutane mabuɗinsu."

"Biba, kin san abin da kike faɗa?"

"Na sani. Ai na warke, dube ni. Tsohuwar nan tun daga Haɗeja take tafe. Ba ni zan zama bangon da ya tare ta a bakin ruwa ba."

"In tarin ya dawo fa?"

"Ba kai ne magini ba? Sai ka shafe ni da farar ƙasa, in kai baɗi."

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Ya kama hannunta mai lalle ya riƙe, ya sunkuyar da kai, ni kuma na kwashi shinkafata na sauka, don na ga abin da bai kamata 'ya ta gani a fuskar ubanta ba. Kada wani a cikinku ya ce Baba ya zaɓi uwarsa a kan matarsa, ko ya ce Iya ce ta jawo. Iya da ta ji sai ta ce ba ta yarda ba, a bar ta ta mutu a nan. Inna ta sauko da kanta ta durƙusa ta ɗauki ƙunshin nan da ba a taɓawa ta ɗora a kanta, ta ce Iya tashi mu tafi gida. Mutanen kirki uku aka sa a tsakiya aka matse, kowannensu yana ƙoƙarin ya ɗauke wa ɗan'uwansa. Wanda ya matse su shi ne kuka sumbaci kan jikansa.

Ranar da muka koma zango mata suka fito suna mana barka, wai mun dawo hanya. Har da mai guɗa. Bayan 'yan kwanaki ruwa ya sauka, kuma shekarar ya yi yawa. Baba ya jera garewani ya ɗora katako ya ɗaga shimfiɗar Inna, ya ninka buhu a rufi, ya haƙa rami kewaye da bukkar don ruwa ya bi. Duk a banza. Gishirin nan yana jawo danshi ta ƙasa, bargo ba ya bushewa, itace ba ya kamawa sai hayaƙi, hayaƙin kuma ya shiga ƙirjinta. Jinin ya dawo. Ina wanke tsummokaran a ɓoye don kada Baba ya gani, shi ma ashe yana wanke wasu a ɓoye don kada in gani. In ruwa ya tsagaita nakan fita in hango tsibirin, ga gidan can fari a tsaye, a kulle, ɗakin sama a bushe, babu kowa a ciki sai kyanwoyi.

Yanzu ku saurari wannan da kyau. Malam Mudi yana da wani sito a kasuwar tudu inda yake ajiye kayan masu jiran jirgi. Siton na dutse ne, da rufin dutse, da daɓe. Duk lokacin ruwa a can yake kwana, wai gadin amanar mutane yake yi. Kowa ya sani, babu mai cewa komai. Da jikin Inna ya yi tsanani Baba ya je ya same shi a can, na bi shi da laima ta buhu. Ya roƙe shi, ubana da ban taɓa ganin ya roƙi kowa ba, ya ce a ba ta kusurwa ɗaya a cikin siton har ruwa ya ɗauke, shi zai kwana a waje. Malam Mudi yana zaune a kan buhunan mutane, ƙafarsa a bushe, da kaskon wuta a gabansa da shayi a kai. Ya ce wallahi ya tausaya, amma kayan amana ne, mace ba ta shiga, kuma saura kaɗan, kada Baba ya ɓata haƙurin da ya yi. Ya zuba shayi ya miƙa masa. Baba bai karɓa ba.

Da hantsi ta rasu, ranar da rana ta fara fitowa sosai. Na fitar da bargonta ke nan in shanya, na dawo na tarar Iya ta rungume kanta tana kiran sunanta, Habiba, Habiba, ita da ba ta taɓa kiran sunan surukarta ba. Malam Mudi ne ya ja sallar gawa. Da aka dawo daga maƙabarta ya tsaya a ƙofar bukkarmu ya yi wa jama'a nasiha da muryar nan tasa mai daɗi. Ya ce baiwar Allah ta yi sa'a, ta mutu a kan hanya da niyyarta cikakkiya, da a soro ta cika da wani zance ake yi. Ya ce a taya Malam Ilu murna. Mutane suka ce amin. Ina cikin bukka ina jinsu, na cusa gefen zanena a baki na cije don kada in yi ihu. Har yau in na tuna wannan amin ɗin sai na ji ɗacin gishiri a harshena.

Ya cika alkawari, wannan kam ba zan hana shi ba, mu ne farkon hawa. Tsallakowar da ake so mu gode ke nan. Sambuk ya bi ta gefen tsibirin kafin ya fita teku, Baba ya juya baya bai duba ba. Iya ta ga Ka'aba, ta wanke likkafaninta, sannan ta ƙi mutuwa. Kumburin ya saɓe, ta yi shekaru masu yawa a garin nan tana sayar da gyaɗa, har ta goyi Mansur. Duk gaggawar da aka yi, ashe da an bar mu mun yi sanyinmu a soro mun hau jirgin wata shekara, da ta iso. Ita ma ta san haka. Ba ta sake tsokanar kowa kamar da ba, kuma duk ɗawafin da ta yi har ƙafa ta gaza, na Habiba ne. Baba bai sake aure ba. Ya hau dutsen unguwar Nakkasa, nan Makka, tare da sauran 'yan'uwa Hausawa yana yi wa mutane gini, bulo a kan bulo, ɗaki a kan ɗaki, inda ko akuya sai ta yi tunani kafin ta hau.

Ina da aure har da 'ya'ya sai ga Malam Mudi a Makka. Hanyar sambuk ta mutu, kowa sai da takarda, abincinsa ya ƙare, sai a lokacin ya tuna shi ma yana da niyya. Ya iso da iyali, ya sami fili a gangaren dutse, ya tambayi wanda ya fi kowa iya gini, aka nuna masa Baba. Ko kunya bai ji ba ya zo. Na je kai wa Baba abincin rana na tarar yana auna fili da igiya, mutumin yana tsaye a gefe yana nuna inda yake son taga. Na ajiye kwanon na jira ya tafi.

"Baba, shi za ka yi wa ɗakin dutse?"

"Yana da mata da ƙananan yara, Zulai. Ruwa in ya gangaro daga dutsen nan bai san wanda ya yi laifi ba."

"Ai Inna ma mace ce."

Ya daɗe yana duban igiyar da take hannunsa. Na zaci zai jefar. Sai ya sunkuya ya ci gaba da awo. Ya gina gidan, kuma a duk Nakkasa bai yi ginin da ya kai shi ƙarfi ba, har ya yi masa magudanar ruwa ta baya wadda ko namu ba shi da ita. Mutane suna cewa dubi haƙurin Malam Ilu, dubi yafiya. Ni ban ce ba. Shi ya san abin da yake tsakaninsa da Ubangijinsa, ni kuma uwata aka kashe mini da magana. Gidan yana kan hanyata ta zuwa kasuwa, na yi shekaru ina zagayawa ta wani lungu. An yi suna a ciki, an yi aure, an yi mutuwar shi mai gidan, ban taka ƙofar ba. Ubanku ya yi lallashi har ya gaji.

Da aka zo rushe unguwar, Baba ya daɗe da rasuwa, mu kuma mun riga mun sauko. Na ji an ce an kai layin gidan Malam Mudi. Ban gaya wa kowa ba, na sa abayata na tari mota, na ce wa direban ya kai ni ya tsaya inda zan gani. Katafila ta gama da gidajen gefe kamar tana ture kwali, ta zo kan wannan. Ta buga, bangon ya tsaya. Ta ja baya ta sake bugawa, ƙura ta tashi, bangon yana nan. Mai tuƙin ya sauko ya zagaya yana dubawa yana girgiza kai. Ni da na zo in ga gidan Malam Mudi a ƙasa, sai na tsinci kaina ina duban layin bulon nan madaidaici, da yadda aka cike tsakaninsu, da ɗan karkacen da Baba yake yi wa bakin taga don ruwa ya zube waje. Duk sauran gine-ginensa sun riga sun tafi, wannan ne na ƙarshe a duniya. Da bangon ya yarda ya kwanta, hawaye ne ya zubo mini, kuma haushin hawayen ya fi komai ci mini rai. Ko a faɗuwar gidansa sai da mutumin nan ya haɗa da wani abu namu.

Direban ya dube ni ta madubi ya ce, Hajiya, gidanku ne? Na ce masa a'a, ja mu tafi.